Zango a Titin Fordham

Da Bahaushe ya tashi raɗa wa rabin shekarar jami'a suna, sai ya ce zangon karatu. Ya kuwa dace. Zango a wurin kakanninmu fatake wuri ne da ayari ke sauke kaya bayan doguwar tafiya, a shayar da jakuna, a yi ciniki da mutanen gari, a ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka fito daga inda aka dosa, kafin madugu ya ce a ɗaura. Ba a aza tubali a zango, amma falken da ya san sana'arsa ba ya barinsa yadda ya shigo. Ko ya sauke kanwa ya ɗauki goro, ko ya ƙulla amana da wani fatoma, ko ya ji inda farashi ya karye da inda 'yan fashi suka tare hanya.

A zamaninmu an sami wani sabon zango. Makarantun koyon kasuwanci na duniya sun ɗauki al'adar tura ɗalibansu masu neman digiri na biyu su yi wata huɗu a wata ƙasa, su zauna a ajin wata jami'a, su dawo da sakamako a haɗa da na gida. Shi ake kira karatun musaya. Ɗan Kano ko 'yar Zariya ko ɗan Maraɗi da ke karatun kasuwanci, me zai samu a irin wannan tafiya? Nawa za ta ci masa? Me ya sa ba mu da yawa a cikinta? Shi kuma me zai kai can? Na zaɓi in auna waɗannan tambayoyi a kan titin Fordham da ke birnin New York, domin a nan jami'a da kasuwa da 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma suke zaune katanga ɗaya.

Titi da ƙofa

Titin Fordham ya ratsa yankin Bronx daga yamma zuwa gabas. Ya taso daga gadar University Heights a kan kogin Harlem, ya haura tudu, ya tsallake Jerome Avenue da Grand Concourse, ya gangaro Webster Avenue, ya miƙe har wurin da gidan zoo da babban lambun tsirrai na birnin suke. Shi ne babbar kasuwar Bronx, yankin da ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, fiye da rabinsu masu tushe a ƙasashen da ake jin Sifaniyanci.

Wanda ya fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai harafin D a Grand Concourse ya fuskanci gabas, kasuwa ce za ta tarye shi tun daga bakin matakala. Shagunan takalma a jere, na wayoyi, na gwal, na kayan yara. A gefen titi wata mace tana yanka mangwaro a kan keken turawa, tana zubawa a 'yar roba, tana barbaɗa gishiri da yaji. Gaba da ita wani ya kasa hulunan sanyi da safar hannu da caja a kan tebur mai naɗewa, idonsa ɗaya a kan masu wucewa, ɗaya a kan kwanar da jami'an birni ke ɓullowa. Lasifika a ƙofar wani shago tana ta nanata rangwame. Ɗan Kano zai ji kamar a bakin Sabon Gari aka sauke shi, in ban da harshe da iskar da ke yanka kunne.

Yana kaiwa ƙasan gangaren, ya wuce tashar jirgin Metro-North, sai ya ga shingen ƙarfe da mai gadi mai duba katin shaida. Bayan shingen hayaniya ta yanke: ciyawa shimfiɗe, manyan bishiyoyi, gine-ginen dutse. Nan ne Rose Hill, tsohuwar harabar Jami'ar Fordham mai faɗin eka 85. Bishop John Hughes ya kafa ta a 1841 da sunan Kwalejin St. John, limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit suka karɓi ragamarta a 1846, ta zama Jami'ar Fordham a 1907. Sashenta na kasuwanci ya fara a 1920, yanzu kuma yana ɗauke da sunan Mario Gabelli, ɗan baƙin haure 'yan Italiya da ya tashi a Bronx, ya gama jami'ar a 1965, ya yi arziki a harkar hannun jari, ya dawo a 2010 ya ba ta dala miliyan 25.

Azuzuwan masu digiri na biyu na makarantar Gabelli suna ɗaya harabar ne, ta Lincoln Center a tsakiyar Manhattan. Amma jirgin D ɗin nan shi ya haɗa wuraren biyu, tafiyar kusan rabin awa, kuma ɗalibin da aljihunsa bai kai hayar Manhattan ba yakan nemi ɗaki a Bronx. Ke nan kullum zai kwana a gefen kasuwar talaka, ya wuni a ajin da ake lissafin biliyoyin daloli. Wannan kai da komowa ita ce rabin karatunsa, in ya gane.

Yadda musayar take

Tsarin yana tsaye ne a kan yarjejeniya tsakanin makarantu biyu: ka aiko mini da ɗalibai biyu, in aika maka da biyu. Kowa yana biyan kuɗin makaranta a gidansu, mai masauki ba ya karɓar kuɗin karatu daga baƙo. Nan daɗin abin yake, domin digirin kasuwanci a jami'o'in Amurka masu zaman kansu yana cin dubun-dubatar daloli a shekara. Ban gishiri in ba ka manda ke nan.

A 1973 makarantu uku, HEC ta Faransa da makarantar kasuwanci ta Jami'ar New York da ta Landan, suka kafa haɗakar da ake kira PIM don musayar ɗaliban digiri na biyu, wadda yanzu ta ƙunshi makarantu sama da 60. Turai ta fara shirin Erasmus a 1987, ya zama ruwan dare ga matasanta. A Amurka kuwa dokar Fulbright-Hays ta 1961 ita ce tushen bizar J-1 da baƙin musaya ke shiga da ita.

Ba wai 'yan ƙasarmu ba sa zuwa Amurka karatu ba ne. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 an ƙidaya ɗalibai 'yan Najeriya 20,029 a can, fiye da na kowace ƙasa a Afirka. Sai dai akasarinsu cikakken digiri suka je yi da kuɗin iyaye ko tallafi. Masu zuwa zango ɗaya su dawo su ƙarasa a jami'ar gida ba su taka kara sun karya ba, kuma dalilan a fili suke.

Na farko shi ne shaidar inganci. Makarantun kasuwanci sukan nemi abokin musaya wanda wata hukumar tantancewa ta duniya ta sa wa hannu, irin AACSB da aka kafa a Amurka tun 1916, domin su tabbata makin da ɗalibinsu ya samo a can daidai yake da na gida. Makarantar Kasuwanci ta Legas ta sami wannan shaida a 2016, ita ce ta farko a Afirka ta Yamma. Na biyu shi ne kalanda. Zangon farko a Amurka yana farawa a ƙarshen Agusta ya ƙare a tsakiyar Disamba, na biyu daga tsakiyar Janairu zuwa Mayu, kuma an san ranakun tun shekara guda kafin lokacin. Mu kuwa yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wanda bai san ranar da zai buɗe makaranta ba, yaya zai yi wa baƙo alkawarin ranar zuwa? Na uku ya fi su nauyi: musaya sai da masu son zuwa wurinka. In makarantar can ta ga ɗalibanta ba sa neman zuwa Kano ko Yamai, saboda tsoron hanya ko rashin masauki ko rashin sanin abin da za su koya, yarjejeniyar takan mutu a cikin fayil.

Kuɗi da takardu

Yafe kuɗin makaranta bai sa tafiyar ta zama kyauta ba. Bayan makarantar gida ta zaɓi ɗalibi, mai masauki ta aiko masa da takardar DS-2019, zai biya dala 220 na rajistar SEVIS da dala 185 na neman biza, ya kuma nuna shaidar banki cewa yana da abin da zai riƙe kansa har ya gama. Doka ta wajabta wa mai bizar J-1 inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla dala 100,000 na jinya, da 50,000 na kwashe shi zuwa gida in ciwo ya yi tsanani, da 25,000 na mayar da gawa in ta Allah ta kasance. Ga kuɗin jirgi, ga kayan sanyi, ga kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa wajen dala 3 kowace shiga. Uwa-uba haya: a Manhattan ɗaki ɗaya cikin gidan da ake rabawa da wasu ba wuya ya haura dala 1,000 a wata, Bronx kuma ta fi sauƙi amma ba araha ba ce.

Duk wannan da dala ake biya, mu kuwa da naira ko sefa muke samu. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Iyalin da suka yi tanadin tafiyar ɗansu a shekarar farko sun wayi gari abin da suka tara bai kai sulusin buƙata ba. Kada kuma wani ya ɗora lissafinsa a kan cewa zai yi aiki a can ya cike giɓi. Aikin da aka halatta wa ɗalibi a lokacin karatu bai wuce awa 20 a mako ba, a cikin jami'a, da izinin jami'in da ke kula da takardunsa. Wanda ya saɓa ya jefa bizarsa cikin hatsari.

Ita ƙofar kanta ba kullum take a buɗe ba. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. A Disambar shekarar shugaban ƙasar ya sa hannu a wani umarni da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wanda ya hana 'yan Nijar biza in ban da wasu keɓaɓɓun rukunoni, ya kuma dakatar da ba 'yan Najeriya sabuwar bizar ziyara da ta karatu da ta musaya. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sauyin siyasa, don haka duk mai niyya ya fara da tambayar ofishin jakadanci kafin ya kashe ko kwabo. Amma darasin ya riga ya fito: al'ummar da ta jingina wayewar 'ya'yanta a ƙofar gidan wani, ranar da mai gida ya ja ƙyaure sai ta kwana a waje.

Cikin aji

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a makon farko shi ne malami bai zo da laccar da za a kwafa ba. Tun kafin ranar an raba wa kowa labarin wani kamfani, shafi goma sha biyar ko ashirin: ga abin da yake sayarwa, ga bashin da ke kansa, ga abokan gogayyarsa, ga shawarar da shugabansa zai yanke. Makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ita ta yaɗa wannan salo tun shekarun 1920. Malami zai shigo ya dubi wani ya ce, da kai ne mai kamfanin nan, me za ka yi? Yana rufe baki a juya ga wata a ce ta rushe hujjarsa. A darussa da yawa wani kaso na makin ƙarshe yana rataye ne a kan abin da ɗalibi ya faɗa a aji.

A nan tarbiyyarmu takan zo da nata nauyin. An rene mu da kawaici, da sunkuyar da kai gaban malami, da barin babba ya gama kafin a tanka. Halaye ne masu kyau da ba za mu zubar ba. Sai dai shirun da muke nufin ladabi da shi, can ana karanta shi a matsayin rashin shiri. Zangon kuma mako goma sha biyar ne ko sha shida. Wanda ya yi mako shida yana nazarin fuskoki kafin ya buɗe baki ya riga ya cinye fiye da sulusinsa. Maganin shi ne ɗalibi ya shiga kowane aji da magana ɗaya mai hujja da ya shirya tun dare, ya faɗe ta da wuri, cikin ladabin da ya saba. Haka ma aikin rukuni, inda za a haɗa shi da ɗan Indiya da 'yar Jamus da ɗan Sin da ɗan gari: taron ƙarfe uku ƙarfe uku ne, kuma ɗauko rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da kan kai ga kora.

To me zai faɗa? Nan ne da yawa daga cikinmu suke raina kayan da ke cikin mangalarsu. A ce ana tattauna yadda kamfani zai ba ƙananan 'yan kasuwa kaya bashi a ƙasar da babu rajistar masu cin bashi, kotu kuma ba ta saurin yanke hukunci. Ɗaliban Turai za su laluba littafi. 'Yar da ta tashi a gidan 'yan Kantin Kwari da idonta ta ga amsar: dila ya ba yaron wani shago atamfa ta miliyoyin naira da safe, ba takarda ba lauya, ya ce in ka sayar ka kawo. Abin da ke tsare dukiyar shi ne sunan ubangidan yaron, da sanin cewa wanda ya ci amana sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar layin gaba ɗaya. Wannan ilimi ne da masana suka yi tattaki don su rubuta shi. Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya wallafa littafi a 1969 a kan yadda maigida ke saukar da mai shanu, ya tsaya wa mahauta su ɗauki dabba bashi, dillali ya ci la'adarsa. Emmanuel Grégoire ya rubuta nasa a 1986 a kan alhazan Maraɗi da yadda suke tafiyar da barorinsu da jarinsu. Abin da wasu suka yi digiri a kansa, ɗalibinmu a cikinsa ya girma.

Haka in aka zo darasin kuɗi, wanda kusan dukkansa a kan kuɗin ruwa aka gina shi. Ɗalibi Musulmi ya koyi lissafin da kyau, domin da shi duniya ke auna komai, sannan ya kawo wa ajin abin da ba su saba ji ba: bankin Jaiz da ya fara aiki ba da ruwa ba a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, da takardun sukuk na naira biliyan 100 da gwamnatin Najeriya ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi. Wanda ya zo da irin wannan ba ɗan kallo ba ne a ajin. An ba shi, shi ma ya bayar.

Makarantar da ba ta da ƙofa

Idan ɗalibi ya sauko daga jirgi da dare ya bi titin Fordham zuwa ɗakinsa, duk babin da ya karanta da rana yana nan a shimfiɗe. A mahaɗar titin da Grand Concourse akwai katafaren ginin da kantin Alexander's ya buɗe a 1933, ya yi shekaru yana tashe, kamfanin ya karye a 1992, wasu shaguna suka gaje wurin. Tambayar me ke kashe babban kanti tana nan a jikin bangon. Farashin da ke manne a kaya ba shi ake biya ba, sai an ɗora harajin ciniki na kashi 8.875 cikin ɗari, amma tufafi da takalma na ƙasa da dala 110 an yafe musu. Wanda ya zo zangon farko zai ga ranar Juma'ar da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, ranar da shaguna ke karya farashi jama'a su yi dafifi, ya gwada ta da cinikin jajibirin salla a kasuwannin gida.

Mai teburin hulunan nan ma darasi ne. A 1979 birnin New York ya ƙayyade lasisin masu kasa kayan da ba na ci ba a kan guda 853, in ban da tsoffin sojoji, aka kuma shafe fiye da shekara arba'in a haka, alhali masu neman abinci a titi dubbai ne. Abin da ya biyo baya shi ne dogon layin jira, da sana'a cikin fargaba, da saɓani tsakanin masu shago da ke biyan haya da masu tebur da ke gaban ƙofarsu. Wace babbar kasuwa ce a arewa ba ta san wannan rigima ba? Ganin ta a birni mafi arziki yana koya wa ɗalibi cewa matsalar ba ta talauci ce kaɗai ba, ta tsari ce, kuma ana iya nazarinta.

Sai kuma 'yan uwa. Bronx ta zama matattarar mutanen Afirka ta Yamma: 'yan Gana, Gambiya, Gini, Mali, Togo, Nijar da Najeriya. A cikinsu akwai 'ya'yan zangunan Kumasi da Akara, jikokin fataken da suka bi hanyar Gwanja, waɗanda har yau Hausa ce harshen da ke haɗa su, suna da ƙungiyarsu ta Yankasa da masallacinsu a Bronx. Kalmar nan ta zango ta yi tafiya daga Kano zuwa Salaga, daga Salaga zuwa Kumasi, ga ta kuma a bakin tekun Atilantika ta ɗaya gefen. Jirgin D yana tsayawa a titi na 125 a Harlem, inda 'yan kasuwar Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka yi ta kasa kaya har zuwa Oktoban 1994 lokacin da magajin gari Rudolph Giuliani ya tashe su, da yawa suka koma kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Wani masani, Paul Stoller, ya bi rayuwarsu ya fitar da littafi a 2002. Waɗannan mutane sun san yadda ake shigo da kaya, yadda ake aika kuɗi gida, yadda ake adashi a ƙasar da komai sai da takarda. Da ɗan gari kan ci gari. Ɗalibin da ya je masallacin Juma'a ya gaida dattijo, ya ce Baba, ni ɗalibi ne daga gida, ina son in koyi yadda kuke sana'a a nan, zai ji abin da ba ya cikin kowane littafi.

Zai kuma ga cewa rayuwar can ba hoton da ake turowa a waya ba ce. Ranar 9 ga Janairun 2022, a wani bene mai hawa 19 a titi na 181, 'yar tafiya kaɗan daga titin Fordham, na'urar ɗumama ɗaki ta kama da wuta, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta ƙi rufuwa, hayaƙi ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, takwas yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Allah ya ji ƙansu. Duk ɗalibin da zai kama ɗaki a can ya tambayi ɗumin gidan da ƙofarsa da ƙararrawar hayaƙi kafin ya tambayi intanet.

Riba da hasara

Masu sukar wannan tafiya suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa wata huɗu ta yi kaɗan. Kafin mutum ya gane hanyar jirgi an fara jarrabawa. Suna cewa kuɗin da za a kashe ya isa jarin shago. Yawancin masu digirin kasuwanci a wurinmu ma'aikata ne masu iyali, barin aiki da gida na wata huɗu ba wasa ba ne, ga mace mai aure da 'ya'ya kuwa sai an yi shawara mai zurfi da miji da iyaye. Ga kaɗaici. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba su matso kusa da juna a tsakiyar lokutan aji, sanyi ya hana fita. Ga kuma jarrabawar da ta fi ta aji: zuciya ta ce zauna mana. Doka ta ba mai bizar J-1 kwana 30 bayan kammalawa ya tattara ya fita. Wanda ya maƙale ya mayar da kansa mai ɓuya, ya kuma toshe hanyar ƙannensa, domin da irin wannan ƙididdiga ake kafa hujjar hana biza.

Duk da haka ina ganin tafiyar ta cancanci wahalarta, da sharaɗi guda: mutum ya tafi da tambaya. Mai cinikin hatsi a Dawanau ya tafi da tambayar yadda ake adana amfanin gona a karɓi rasit a ci bashi da shi. Mai harkar fata ya tafi da tambayar me ya sa kirgin da aka jeme a Kano yake tsada bayan ya zama jaka a Italiya, ribar kuma ta tsaya can. Ma'aikaciyar banki ta tafi da tambayar yadda za a kai lamuni ga matan da ke sana'a a cikin gida. Mai tambaya yana zaɓen darussansa da ita, yana zaɓen mutanen da zai gaisa da su da ita, yana rubuta aikinsa na ƙarshe a kanta. Ya kuma tabbatar, tun kafin ya tashi, cewa sashensu ya amince a rubuce da darussan da zai ɗauka, kada ya dawo a ce makinsa ba shi da mazauni. Wanda ya tafi ba tambaya zai dawo da hotuna da rigar sanyi.

Abin da ya rage mana

Tun da musaya ce, aikin farko a gida yake. Muna da abin da ɗaliban duniya za su so gani: kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, Dawanau da ke ciyar da ƙasashe, Kwari da ke tufatar da su, da cinikin da ke gudana tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi ba dare ba rana. Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya su rubuta labaran waɗannan kasuwanni yadda Harvard ke rubuta na kamfanoninta, su nemi shaidar inganci, su tsayar da kalanda, su tanadi masaukin baƙi. Attajiranmu, da suka iya gina azuzuwa, su ware abin da zai ɗauki nauyin ɗalibi biyar ko goma a shekara, da sharaɗin su dawo su koyar da abin da suka gano.

Ba kuma sai an tsallaka teku ba. Daga Kano zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tafiyar 'yan awoyi ce. Ɗalibin Zariya da ya yi zango a Yamai zai dawo da Faransanci da sanin yadda ake ciniki da sefa. Na Maraɗi da ya yi zango a Kano ko Kumasi zai dawo da Turanci da abokan hulɗa. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki tun 1 ga Janairun 2021, kuma waɗanda suka san kasuwannin juna su ne za su ci moriyarta. Wannan ƙofa ba mai rufe mana ita sai mu.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya bi hanyar Gwanja tun yana saurayi, ya zauna a zangunan ƙasar Gana, ya ga jiragen ruwa suna ɗaukar kaya daga gaɓar tekun zuwa Legas, ya sa goronsa a ciki alhali wasu suna nan suna bin jakuna watanni. Bai zauna can ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa, sai suka tarar da mutumin da ya riga ya san yadda sabuwar hanya ke sauya ciniki, ya kuma san manoma da dillalan ƙasarsa ciki da bai. Dalar gyaɗa ta tashi ne a inda sanin waje ya haɗu da sanin gida. Ɗalibin da zai sauka a titin Fordham, ko a Maraɗi, ko a Kumasi, ya cika mangalarsa da abin da ya sani kafin ya tashi, ya sauke a can, ya ɗauko nasu. Idan Disamba ta yi, madugu ya ce a ɗaura, ya ɗaura.